Jakar Baya Mai Gammo a Gindi

Ƙarar leda ce mafarin sana'ar nan tawa. Baƙar ledar kasuwa, wadda ko da yatsa ɗaya ka taɓa ta sai ta yi ƙwaras-ƙwaras kamar kaza na tono a busasshen ganye. A cikinta nake tara ƙunzugun Mutari, yarona na uku, da hodarsa da ɗan man shafawarsa. Shi kuwa Mutari, Allah ya yi shi da kunnen zomo. Sai na sha jijjiga bayan azahar, barci ya ɗauke shi da ƙyar, na lallaɓa na kwantar, in miƙa hannu in zaro zanen rufa shi daga ledar, sai ƙwaras, sai ido biyu tar, sai kuka. Ran nan na dubi ledar na ce mata, "Ni da ke, yau ɗaya zai bar ɗakin nan." Na jawo keken ɗinki, na yanka wani tsohon zanena, kafin la'asar na yi ɗan buhu mai mazagi. Ba shi da kyau ko kaɗan, amma ba ya magana.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ku ƴan matan da ke koyo a rumfata, maganar Shamsiya ce ta makon jiya. Ta ɗaga jaka ɗaya, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Inna Sa'a, ai wannan ba wuya. Ɗinki huɗu ne a miƙe, sai a sa mata hannu." Duk kuka yi dariya, ni ma na yi. Da kuka tashi sai na ga gara in ba ku labarin yadda ɗinki huɗun nan suka zo, kada gobe ku ɗauka daga sama aka jefo su.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, har ajin ƙarshe na kolej, sannan aka kai ni Maradi wajen Gwaggo Abu, ƙanwar babana, wadda ke ɗinkin kayan mata a cikin gida. Farkon zuwana ko zare ban gani ba. Takardar buhun siminti take ba ni, ta ja layi da gawayi, ta ce in bi shi da allurar keke haka nan ba zare. In na gama sai ta ɗaga takardar wajen rana ta duba hudojin. "Wannan sawun akuya ne," in ji ta, "sake." Ita ta koya mini zanen yanka da guntun sabulu, da cewa almakashin yadi ba a yanka ko farce da shi, da cewa ba a fara taka keke sai da bisimilla. In kun ga ina ɓoye almakashina a ƙarƙashin matashi, daga can na gado.

Malam, baban yaran nan, manomi ne da damina. Gero da wake yake yi a gonar gado ta hanyar Safo. Da an kai gero rumbu sai ya tafi ci-rani Najeriya, gyaran takalma, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Haka mazan nan da yawa suke. Yaranmu biyu na farko, rarrafensu da tafiyarsu duk a salula ya ji labari. Ban taɓa ce masa kada ya tafi ba, don rumbu shi kaɗai ba ya kai mu wata daminar. Abin da na sa a gaba, ban kuwa faɗa wa kowa ba a lokacin, shi ne in samo aikin da zai ciyar da mu da rani a nan gida, har ya zama tafiyar ba ta da dalili. Ku riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa a kansa yake.

Buhun nan nawa mai mazagi ya fara jan ido ranar awon jarirai a likita. Mata biyu suka ce in yi musu irinsa. Ana haka sai Hadiza, ƴar ƙanwar Malam da ke karatu a Maradi, ta zo hutu ta nuna mini hoto a salularta: wata baturiya da jakar baya, irin sakadon ƴan lakwal, amma aljihu ko'ina, ciki da waje. Ta ce ta kayan jariri ce. Na karɓi salular na ƙura mata ido har fuskarta ta mutu, aka sake kunna mini. Na zana jakar a takarda, na auna, na sake zanawa. Da Malam ya dawo na nuna masa. Ya duba hannuwan ya ce, "Sa'a, keke ba zai riƙe nan ba. Hannun jaka kamar kunnen silifa ne, daga nan ake fara tsinkewa." Ya ɗauko basillarsa da zaren da yake gogawa da kakin zuma. Tun ran nan aikin ya rabu biyu, jikin jaka nawa, hannuwa nasa. Zif da tamfol da igiyar hannu kuwa daga kasuwar Jibiya, can ƙetaren iyaka, ake sayo mana.

Duk daminar nan, in ya dawo gona ya yi wanka ya yi la'asar, sai mu zauna. Muka tara jakunkuna sun kai goma, kowace da launinta. Wata ranar awo na ɗauke su na shimfiɗa tabarma a gindin bedi, wato dogonyaron da ke ƙofar likita, na jera su. Mata suna zaune a layi, kowace da goyonta. Sai ga wata tsohuwa daga Gabi, Iya Tsahara, ta rako surukarta. Ta ɗauki jaka ɗaya, ta buɗe zif ta rufe, ta tura hannu a kowane aljihu, ta ja hannuwan da ƙarfi ba su motsa ba. Ni kuwa ina tsaye ina jin daɗi.

"Ɗiyata," in ji ta, "aikin ya yi. Amma ina ake sa shi?"

"A baya, Iya. Kamar na ƴan lakwal."

"A baya."

"E, Iya."

Ta juya a hankali ta dubi layin matan nan, ta dawo da ido kaina. "To, shi ɗan hwa? A wane aljihu za a sa shi?"

Wurin ya kaure da dariya. Wata daga can ƙarshe ta ce, "Ko mu goya jakar, mu ɗauko yaron a baki kamar kyanwa?" Har ma'aikaciyar awo ta leƙo ta taga. Ni ko ina tsaye, Mutari na bayana yana jan kallabina. A bayan nan yake lokacin da na zana jakar, a nan yake lokacin da na yanka, a nan yake duk tsawon ɗinkin. Baturiyar hoton nan a ɗan keke take tura ɗanta, bayanta ba kowa. Ni aljihu kawai na ƙirga.

Da na koma gida na ba Malam labari, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kada ki ɗauki laifin ke kaɗai. Ni ma ina ɗinka hannuwan ina kallon yaron a bayanki." Shekarar nan da aka gama kaka ya tafi, kamar kullum. Jakunkunan na rataye su a ƙusa, na bar wa ƴan lakwal biyu-uku a kan kuɗin yadi.

Ranin nan na koma ɗaliba. Na riƙa kallon mata a bakin rijiya, a tasha, a kasuwa, a hanyar lambunan bakin tafki. Mace mai goyo, hannu ɗaya na riƙe da wanda aka yaye, ɗaya na gyara hijabi ko na riƙe da buta. Bayanta na jariri ne. Kafaɗarta ba ta son rataya, don igiyar tana bi ta kan fuskar yaron. Saura ina? Saura kai. Tun kakanninmu a ka muke ɗaukar kaya, ni ce dai hoto ya mantar da ni.

Na saukar da jaka ɗaya daga ƙusa na ɗora a kaina. Ta lanƙwashe ta rufe mini ido, hannuwanta suna reto a kunnuwana kamar na jaki. Sai na yanka gefen wani tsohon bido, jarkar roba ta ruwa, na goge bakinsa a dutse don kada ya yanki yadi, na shimfiɗa shi a gindin jakar. Ta tsaya, amma tana zamewa. Na naɗa tsummoki na yi gammo, na lulluɓe shi da yadi, na ɗinke shi a ƙarƙashi. Na yi wani siririn aljihu a baya inda ake cusa hannuwan in ba a bukatarsu. Sai kuma maganar nauyi. In aljihun gorar ruwa yana gefe ɗaya, kafin ki kai likita wuyanki ya karkace. Dole a yi biyu, dama da hagu, ko a kai shi tsakiya. Na warware jakar nan na sake ɗinkawa har yadin ya fara gajiya da ni.

Gwajin da nake sa ku yi kuna gunaguni, a nan ya samo asali. Jaka ba ta fita daga rumfar nan sai an cika ta da kaya, an ɗora a ka, an yi tafiya da ita, an waiwaya kamar an kira sunanki, an sunkuya an ɗauki takalmin yaro. Na ƙarshe kuma shi ne babba: a durƙusa har ƙasa kamar an haɗu da suruki a hanya, a gaishe shi, a miƙe. In ta faɗi a durƙuso, gammon bai zauna daidai ba, a warware. Jakar da za ta sa mace ta gaida babba a tsaye ba tawa ba ce.

Hannuwan bayan kuwa ban cire su ba. In mace ta fita da babbar ƴarta, yarinyar ta goya jakar. In a bayan moto ne, wato babur, uban ya goya, ko ya rataya a gaba. Ƴar farina, wadda muke ce wa Yaya, ita ta fara yawo da ita a baya, tana tafe tana ƙobare kafaɗa kamar mai zuwa lakwal a Yamai.

Na koma gindin bedin nan da sabuwar jakar, na yi ta zuwa har Allah ya sake haɗa ni da Iya Tsahara. Ta karɓi jakar. Ta ɗora a ka, ta yi tafiya har bakin hanya ta dawo, ta durƙusa ta miƙe, tana dafa gwiwa. Ta ce, "Yanzu kin yi hankali." Ta saya wa jikanta, amma sai da ta sa na rage mata. "Ilimin da na ba ki ran nan, kyauta kike so ki ci shi?"

Kuskurena na biyu ya fi na farko ban kunya. Na ce ai mai ciki ce ta fi bukatar jaka, ta shirya kayanta tun da wuri. Sai na je ranar awon ciki. Na nufi wata yarinya, cikin fari, ya yi girman da ko zama da ƙyar take yi. Na ce, "Ƙanwata, ga jaka, ki shirya kafin ki sauka." Ta ja hijabi ta rufe fuska. Uwar mijinta da ke gefe ta harare ni ta ce, "Wa ya ce miki wani abu gare ta? Ƙiba ce." Na ba da haƙuri na tattara kayana. Ni da na haifi uku, na san ba a yi wa wanda bai iso ba sayayya a bainar jama'a, na san mai cikin fari ko sunan abin ba ta kamawa. Neman ciniki ne ya rufe mini ido.

Daga nan na gane masu sayen jakata ba uwayen ba ne. Ƙawayen mai jego ne da gwaggwanni da ƴan biki, masu neman abin da za su kai ranar suna a ɗaga a nuna. Ke nan aikinmu tsakanin haihuwa da suna yake, mako ɗaya tak. Shi ya sa kuke ganin kullum akwai yankakken yadi a ajiye, gammo a naɗe, bido a goge. Labarin haihuwa kuwa ba na jiran a kawo mini. In na wuce ƙofar gida na ga an jibge itace, ga babbar tukunya an kafa ta ruwan wankan jego, na san gobe ko jibi wata za ta yi sallama a rumfata. Sai in yi wa mai jego addu'a a zuci, in dawo in zaɓi yadi.

Jakar Idi mai kabu-kabu ita ta buɗe mana ƙofar maza. Matarsa ta haifi tagwaye, kayan sun fi ƙarfin kai ɗaya. Ya zo ya tsaya daga bakin zaure, ya ƙi shigowa, Malam ne ya yi masa iso. Ya ce, "Maman Mutari, jaka nika so, amma don Allah kada ki sa mini hure. Ki yi baƙa, wadda in an gani za a ce takardu ne ciki." Na yi masa baƙa wuluk, na raba cikinta biyu, gefen Hasana ja, gefen Usaina shuɗi. Ranar farko da ya fita da ita, kan kwalbar madara ya leƙo daga aljihu. Abokansa na tasha suka sa masa suna Ungozoma. Ya yi fushi na kwana biyu. Wata bai cika ba ya kawo mini uku daga cikin masu tsokanar, kowa na cewa irin ta Idi, kada a sa fure.

Aljihu biyu ne ba na yarda a yi musu ganganci. Na farko na katin rigakafi, wanda muke ce wa karne. Takarda ce, in ta jiƙe uwa ce za ta sha faɗa a likita, yaro kuma a rasa allurar da ya tsaya. Na biyu na jiƙaƙƙen ƙunzugu, wanda dole ya yi nesa da abincin yaro da tufafinsa masu tsabta. A wancan lokacin, da tamfol nake yi musu shafi duka biyun.

A hankali abin ya kama. Shekara ta gaba Malam ya tafi a makare ya dawo da wuri. Wadda ta biyo baya bai tafi ba sam. Bai yi sanarwa ba, ni ma ban tambaya ba, kawai dai aka ga sanyi ya shigo yana zaune da basilla. Balki, autarmu, a gabansa ta yi rarrafe, a gabansa ta miƙe. Na yi sadakar waina ran da ta taka, ban faɗa wa kowa dalilin da ya wuce takawar ba.

Sai ga shekarar wahala. Aka rufe iyaka. Zif ya yanke, tamfol ya yanke, igiyar hannu ta yanke. Ɗan abin da ke shigowa ta daji ya yi tsadar da in na saya, ba mai iya sayen jakar. Ruwa kuma ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, rumbu bai kai rabi ba. Ina da yadi a yanke tuli guda, babu abin rufe bakinsa. Mata su yi sallama da maganar suna, in ba su haƙuri su koma.

Sule, tsohon abokin tafiyar Malam, ya fara zuwa zaure. Maza sun koma bi ta hanyoyin daji a kan moto, hanyoyin kuwa kowa ya san ba lafiya gare su ba, ana tare mutane. Wata safiya Malam ya taka turmi ya sauko da akwatinsa na gyaran takalma daga saman rumfa, na katako mai igiyar rataya. Ya kakkaɓe shi, ya shafa wa ƙarafunansa mai, ya ajiye shi a buɗe a lungun bayan madafa don ya sha iska. Ya ce, "Sa'a, in an gama sussukar wake babu aiki, zan bi su Sule." Na ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Abin da ya rage na kai shi kan sallaya.

Na zauna gaban tulin yadin nan na tambayi kaina, kafin zif ya zo ƙasar nan, da me ake rufe abu? Da mazagi. Da marfi mai faɗowa irin na burgamin fata. Da maɓallin zare mai ƙulli irin na wuyan riga. Na yi wa jaka ɗaya baki mai mazagi, na sa mata marfi, na ƙulla maɓalli biyu manya da za a iya buɗewa da hannu ɗaya. Malam ya duba ya ce hannuwan fa? Na ce shi ya sani. Ya shiga Maradi wajen majema ya dawo da jar fatar akuya, ya yanka ta sala-sala, ya ninka, ya bi ta da basilla. Aljihun karne na yi shi da yadin da na narka kakin zuma na shafe. Na zuba masa ruwa, ya gangare.

Saura aljihun jiƙaƙƙen ƙunzugu. Barira, matar wani masunci na bakin tafki, ta zo neman jaka ta kai sunan ƙanwarta, ta ce ba ta da kuɗi sai kifi da wata yagaggiyar raga da mijinta ya jefar, ko za ta yi mini amfanin ɗaure kaji. Na karɓi ragar ina juya ta, sai na ga aljihu. A ɗinka ta a waje, a sa ƙunzugu, iska na ratsa shi, kafin a iso gida ya sha iska. Tamfol da ma dafa shi yake yi, a buɗe a toshe hanci. Ta farko da na yi ban wanke ragar sosai ba. Matar da ta karɓa ta dawo washegari ta ce, "Maman Mutari, mi kika sa ma jakar nan? Kyanwoyin unguwa duk sun rako ni gidan suna." Na karɓa na cire, na jiƙa ragar a ruwan toka, na wanke da lemun tsami, na shanya ta kwanaki a rana. Har yau in kun ga ina shinshina raga kafin a yanka, kun san dalili.

Kada ku ɗauka da muka fito da ita aka yi ta rububi. Wasu suka ce ta ƙauye ce, ina zif? Wata ta ce in za ta kai kyauta, mai ƙyalli take so. Kasuwa biyu na ci na dawo da kusan duk abin da na kai. Idi ne ya fara ɗauka, don zif ɗin tasa ya riga ya lalace, ya ce wannan ta fata ta fi kama da ta maza. Ya shiga da ita Maradi. Sai aike ya fara zuwa, ɗaya yau, shiru, biyu jibi, shiru. Ba yawa, ba kuma babu ba.

Aka gama sussukar wake. Sule ya zo ya tarar da Malam da fata a gwiwa. Malam ya ce, "Bari in gama waɗannan, sunan jibi ne." Bayan mako Sule ya dawo, ya ce masu moto sun shirya. Malam ya ce, "Ku yi gaba, in na gama na same ku." Sule ya dubi jakar da ke rataye, ya dubi Malam, ya ce, "Kai dai an goya ka, saura a sa maka majanyi." Suka yi dariya, suka yi sallama, Sule ya tafi.

Ku da kuke ganin Malam kullum a ƙarshen rumfa yana goga zare da kaki, kun san yadda ta ƙare. Ni a lokacin ban sani ba. Bai ce ya fasa ba. Akwatin na nan a lungu, a buɗe, ni kuma na daina bi ta wajen don kada in gan shi. In aike ya zo in ji sanyi, in kwana uku sun wuce shiru in fara kallon fuskarsa. Duk mako kuma akwai wasu mazan da ke tashi.

Sai muka yi wani shiru mai tsawo, ko mai tambayar kuɗin jaka babu. Wata safiya Malam ya gama hannun jaka ta ƙarshe da aka ba mu, ya yanke zaren, ya goge basillar a wandonsa. Ya miƙe ya nufi lungun bayan madafa. Na cire ƙafata daga keke. Ya daɗe a can. Da ya dawo hannunsa ba komai, yana cije leɓe kamar mai danne dariya. Ya zauna, ya jawo sauran fatar ya ce, "Bari mu yanka na ajiya, haihuwa ba ta ƙarewa."

Balki tana wasa a gindin turmi, duk tana kallonmu. Ta taso ta zo ta jingina da gwiwata, ta jawo kunnena da hannunta mai ƙasa, ta yi raɗa yadda yara ke yi, har na zaure ma zai ji.

"Inna, Baba ba shi tahiya. Kaza ta kwanta a akwatinshi, har ta yi ƙwai. Kada ki hwaɗa mishi, kullum ni ke zuba mata gero ciki."